Ranar da Baba Ya Ga Idon Uwarsa

Babana bai san fuskar uwarsa ba. Ta rasu yana goye, ko yaye ba a yi masa ba, kuma a zamanin babu mai ɗaukar matan ƙauye hoto. Bafulatana ce daga wajen Tsaskiya, a ƙasar Safana. Kakanmu ya auro ta ya kawo ta gidanmu na Batsari, ba ta wani daɗe ba zazzaɓi ya ɗauke ta. Shi kuwa kakan namu mutum ne da ba a hirar baya da shi. In Baba ya tambaye shi yadda take, sai ya ce Allah Ya jiƙanta, ya ɗauki butarsa ya bar wurin. A haka ya koma ga Allah bai faɗi komai ba.

Ni ce mace ta farko a 'ya'yan Baba, don haka ni aka sa wa sunanta. Bai taɓa kiran sunan nan da bakinsa ba, Inna yake ce mini. Tun ina ƙarama nakan kama shi yana kallona, ina surfe ko ina tsefe kai, kallo mai tsawo irin na mai neman abin da ya ɓace masa. In na ɗago sai ya kau da kai ya ce in kawo masa ruwa. Sai da na girma na gane abin da yake nema, kuma na gane ba zai same shi a wurina ba. Ni gajera ce, baƙa, mai faɗin hanci, ga saurin hawa. Duk wanda ya gan ni ya ga kakanmu namiji an ɗaura masa zane. Na sha yi wa Baba tsiya cewa ya yi asarar suna, yakan yi dariya, amma dariyar ba ta kaiwa ciki, ni ma kuma abin yana sosa mini rai.

Mutum ɗaya ta rage a duniya wadda ta san fuskar nan, ita ce ƙanwar marigayiyar. Baba yana kiranta Yafendo, yadda Fulani ke kiran ƙanwar uwa, mu ma duk muka bi bakinsa. Tana zaune a Tsaskiya. Kowace kaka in an gama yankan gero Baba yakan ɗaura mata dami a bayan babur ya kai mata, ya dawo da man shanu a kwalba. Wata shekara na bi shi. Bayan an gaisa, an tambayi shanu, an tambayi damina da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai na ji ya sassauta murya kamar yaro.

"Yafendo, wai cikin ɗiyan nan nawa, wa yab biyo ta?"

"Doguwa ce," in ji Yafendo. "Ba ta da hwaɗa."

"Huskar hwa?"

"Huska irin ta mutane."

Daga nan ta koma zancen wata karsana da ta ƙi cin dusa. A hanyar dawowa na ce wa Baba tsohuwar nan rowar magana gare ta. Ya ce in kama bakina, shekara da shekaru amsar ke nan, kuma shekara mai zuwa ma zai sake tambaya.

Ana nan sai zumunci ya ƙara ƙulluwa. Ƙanena ya ga jikanyar Yafendo a wani biki, ya ce ita yake so, aka ba shi. Yarinya ce siririya mai kunya, idonta baƙi wuluk kamar na mijinta, kamar na kowa a gidajen biyu. Da ciki ya tsufa, bisa al'ada gida ya kamata a mai da ita ta yi haihuwar fari a gaban iyayenta. To shekarar hanya ba daɗi, 'yan bindiga sun matsa daga wajen Ruma har yankin Tsaskiya, mutum ya fita da safe ba a san dawowarsa ba. Iyayenta da kansu suka aiko cewa ta zauna inda take. A gidanmu ta sauka, ta haifi 'ya mace. Aka naɗe jaririya aka kai wa Baba zaure, ya yi mata huɗuba a kunne tana ta barcinta, aka dawo da ita ɗaki.

Mai kula da jego a gidanmu Goggo ce, ƙanwar Baba da suke uba ɗaya. Bayan rasuwar uwar Baba aka haife ta, ita ma ba ta san ta ba. Babu jaririn da aka haifa a gidan nan da bai bi ta hannun Goggo ba, kuma ta san da haka, ba a ja da ita. Washegari da hantsi ta fito da yarinya tsakar gida za ta yi mata wanka, ni ina riƙe da ƙwaryar ruwan ɗumi. Rana ta sauka a fuskar jaririyar, ta yamutsa goshi, ta buɗe ido.

Ban taɓa ganin irin idon nan a fuskar ɗan Adam ba. Wurin da ya kamata ya zama baƙi, toka-toka ne mai haske, da wani zobe kalar zuma a tsakiya. Irinsa ne ake ce wa idon mage. Ruwan ƙwaryar ya zubo mini a ƙafa ban sani ba. Goggo ta juya yarinyar ta nan, ta juya ta ta can, ta yi salati a hankali.

"Yana ce," in ji ta. "Da ita aka haihe ta. Kada wadda ta gaya ma Yaya, sai mun san abin yi."

Yana dai ita ce farin nan da ke rufe idon tsofaffi har su daina gani. Nan take maganar ta zagaye matan gidan, ta tsaya a bakin zaure ba ta fita ba. Maza ba sa shiga ɗakin mai jego, Baba kuwa suruki ne, ko inuwar ɗakin ba ya bi. Shi uban jaririyar, 'yar fari ce gare shi, kunya ba ta barinsa ya tsaya ya ƙare mata kallo a gaban mutane. Sai aka bar matan gida da shawara.

Goggo ta fara da abin da ta sani. Ta sa aka ɗiga wa yarinya nonon uwarta a ido safe da yamma. Ido bai canza ba. Ta ɗauko kwalli ta rangaɗa mata, sai ma hasken idon ya ƙara fitowa. Daga nan ta ce akwai wani mai magani da ke zuwa ranar kasuwa, yana da wani ruwan saiwa da yake ɗigawa, yana cinye yana. A nan muka raba gari da ita. Na san wata maƙwabciyarmu da aka ɗiga wa irin ruwan nan, da idonta mai gani dishi-dishi ta je, ta dawo da shi a mace.

"Goggo, a kai ta asibiti a duba mana."

"Kin taɓa ganin inda anka hita da jinjiri kahin suna?"

"To a jira. Ai tana gani. Ki duba yadda take runtse ido in rana ta taɓa ta."

"Yaushe kika zama likita ban sha labari ba? Ke da na wanke ki da hannun nan."

Na faɗi abin da na faɗa, ita ma ta faɗi nata, har uwata ta shiga tsakani. Aka tsaya a kan cewa ba za a taɓa idon ba sai an yi suna. Goggo ta ce ta yarda, amma kasuwar da ke biye da suna mai magani zai shigo gidan nan ko ina so ko ba na so.

Wadda na fi tausaya wa ita ce mai jegon. Al'ada ba ta ba ta damar nuna damuwa a kan 'yar fari ba, ko ɗaukarta a gaban manya sai an matsa mata. Ana gardama a kan idon 'yarta tana zaune ta sunkuyar da kai tana shan kunun kanwa kamar ba da ita ake ba. Amma na leƙa ɗakin wata rana da azahar, lokacin da kowa ya watse, na same ta ta kai fuskarta dab da ta jaririyar, tana kaɗa mata yatsa a hankali daga dama zuwa hagu, hawaye na zuba. Na ja da baya ban bari ta gan ni ba.

Ranar suna aka yanka rago, aka raɗa suna, maza suka cika ƙofar gida. Babu wanda ya sa ran ganin kowa daga Tsaskiya in ban da samari biyu-uku. Sai ga babur ya tsaya, ga Yafendo a baya, an ɗaure ta da gyale a jikin ɗan acaɓan don kada ta zame. Tsufa ya lanƙwasa ta, hanya ga yadda take, amma ta ce ba za a yi sunan tattaɓa-kunnenta tana kwance ba. Baba ya rasa inda zai sa ta don murna, yana yi mata faɗan fitowa yana kuma riƙe da hannunta. Aka shigo da ita cikin gida, aka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin mai jego.

Gaisuwa ta ɗauki lokacinta. Sai da aka tambayi kowa da komai, sannan Goggo ta miƙa mata jaririya, ta matso kusa ta rage murya.

"Sai dai a yi haƙuri, Yafendo. Ɗiyar da lalura ta zo. Yana ce a ido biyun. Amma mun samu mai magani."

Ɗakin da duhu, yarinya kuma tana barci. Yafendo ta ce a kama ta a kai ta bakin ƙofa. Na kama ta, ta zauna a dokin ƙofa da jaririya a cinya, ta kare mata rana da tafin hannu, sannan ta janye hannun. Yarinya ta yi miƙa ta buɗe ido.

Ina tsaye a kanta, don haka na ga abin da ya faru da fuskar tsohuwar. Ta ƙura wa idon yarinyar ido. Na sa hannu na tallafa mata kan jaririyar. Can ta ce, "Adda," wato yaya, da wata murya ta yarinya ƙarama da ban san tana da ita ba. Ta ci gaba da magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, ba da mu take ba.

Da ta dawo cikinmu sai ta dubi Goggo.

"Wagga ba yana ba ce. Kada wanda ya sa mata komi. Idon yayata ne, uwar maigidan nan. Haka nata yake, ba ragi."

"Tana gani da shi?" in ji Goggo.

"In munka hita kiwo, ita ka hwara hango saniya a bakin daji kahin kowa."

Ni da bakina ba ya shiru, na ce to me ya sa duk shekarun nan Baba na tambaya ba ta faɗa masa ba. Ta dube ni, na zaci za ta ce in kama kaina, amma sai ta amsa. Ta ce tun suna yara idon nan bai bar yayarta ta sha ruwa da daɗi ba. In ta bi ta rijiya mata sukan janye 'ya'yansu, ana cewa mai idon mage mayya ce. Da aka kawo ta Batsari ma ba ta tsira ba, wani yaro ya yi zazzaɓi a unguwa aka ce ita ta kalle shi. Kullum kanta a ƙasa, har ta mutu ba ta cika ɗaga ido ta dubi mutum ba. Kuma kowa ya san abin da mutane ke cewa, wai maita a nono ake shanta, ga shi ta bar jariri da nononta a baki. Shi ya sa ranar da aka binne ta, Yafendo da kakanmu suka yi shawara cewa maganar idon nan a binne ta tare da mai shi, kada yaro ya tashi ana nuna shi. Tsofaffin unguwa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, maganar ta bi su.

Goggo ta yi ajiyar zuciya ta ce, to ai gara a ci gaba da rufewa, mutane ba su canza ba. Yafendo ta girgiza kai.

"Na ɓoye na matacce. Na mai rai ina za ni kai shi? Ku kira min shi."

Aka aika, aka ce Baba yana sallamar baƙin nesa, a ɗan jira. A wannan jiran na samu gefen rumbu na zauna. Abin da ya dawo mini shi ne wani darasi na sakandare da na haddace don jarrabawa na watsar. Malamin ya zana mana a allo cewa kowane hali na jiki kashi biyu mutum ke gada, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wani kashin mai rinjaye ne, in yana nan shi ake gani. Wani kuwa mai lafewa ne, in ya haɗu da mai rinjaye sai ya yi shiru, amma bai mutu ba, yana nan ana miƙa shi daga uwa ko uba zuwa ɗa, har ranar da zai gamu da irinsa. Ya ce baƙin ido yana rinjayar mai haske, ko da yake lissafin launin ido ya fi abin da ke allo sarƙaƙiya. A lokacin na ɗauka zancen Turawa ne masu shuɗin ido, me ya haɗa 'yar Batsari da shi.

Ga shi yau a tsakar gidanmu, kusa da turmi. Na shiga bin hanyar da abin ya biyo. Kakar nan tamu ta ba ɗanta, ya lafe a bayan baƙin idon Baba tsawon rayuwarsa. Baba ya ba ƙanena, ya sake lafewa. Ta can kuma Yafendo, da nata baƙin idon, tana ɗauke da irinsa daga iyayensu ba ta sani ba. Ta rufe bakinta shekara da shekaru, alhali jininta ya riga ya miƙa wa ɗanta, ɗan ya miƙa wa 'yarsa. Sai wani biki, yaro ya ga yarinya, hanya biyun suka haɗu. Babu wanda ya shirya, babu wanda ya sani. Kuma mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da girmansa yana neman uwarsa a fuskokin mutane, ashe duk inda ya je da ita yake tafe. Wataƙila ni ma, da faɗin hancina da baƙin idona, akwai ta a jikina. Na yi tasbihi a wurin, tsoron Allah da wani irin daɗi suka cika mini ciki lokaci guda. Daga baya, da aka yi arba'in, mun kai yarinyar asibiti aka haska idon aka ce lafiyarsa ƙalau, amma ni tun a gefen rumbun nan hankalina ya kwanta.

Baba ya yi sallama ya shigo, mata suka gyara lulluɓi, mai jego ta shige can ƙuryar ɗaki. Ya durƙusa a gaban Yafendo yana tambaya ko lafiya.

"Kullum kana tambaya ta wa yab biyo ta," in ji Yafendo. "Amshi."

Ta ɗora masa jaririyar a hannu. Ta faɗa masa abin da ta faɗa mana, a gajarce, har da abin da aka riƙa kiran uwarsa da dalilin da ya sa aka ɓoye masa. Ya sunkuya yana duban fuskar yarinyar, ita kuwa ta koma barcinta, ido a rufe gam.

Jariri ba ya farkawa don ana jiransa. Na ce bari in ɗan murɗe mata yatsan ƙafa. Baba ya ce in bar ta, ba ya sauri. Ya gyara zama a ƙasa, a kan babbar rigarsa ta suna, rana na dukan ƙeyarsa. Daga waje ana aiko yara cewa liman zai tafi, ana neman maigida wajen rabon nama, ya ce a ce yana zuwa. Tuwo ya kusa kamawa a tukunya don babu wadda ta iya matsawa. Goggo da kanta ta ɗauko faifai ta tsaya tana kare masa rana.

Can yarinyar ta motsa baki, ta yi hamma, ta buɗe ido a fuskarsa.

Na ga kafaɗun Baba sun sauka. Ya daɗe yana kallo, irin kallon nan da na sani tun ina yarinya, sai dai wannan karon bai kau da kai ba. Hawaye ya bi ta gemunsa ya ɗiga a zanen jaririyar. A hankali ya ce, "Inna."

"Na'am, Baba," na amsa, don duk rayuwata in ya faɗi haka ni ce.

Bai juyo ba. Ba ni yake kira ba. Na ji kishi kaɗan, ba zan ɓoye ba, amma farin cikin ya fi shi yawa nesa.

Ya miƙe da ita a hannu ya nufi zaure. Goggo ta bi shi da sauri tana cewa, "Yaya, mutane hwa, ka san bakin mutane." Ya tsaya ya gyara wa yarinyar zane yadda fuskarta za ta fito sosai, sannan ya sa kai ya fita. Muna tsaye a tsakar gida muka ji hayaniyar maza ta lafa, muka jiyo muryarsa.

"Ku matso ku gaida uwata."